Rumbun da Na Yaba

Kwanakin baya na leƙa kotun da na yi ritaya don in gaisa da mutane, na tarar ɗaya daga cikinku, ku sababbin masinjoji, ya dawo daga aike. An tura shi ne ya dubo gidan wani mutum da matarsa ta kawo ƙara a kan ba ya ciyar da ita. Ko awa ɗaya bai yi ba ya dawo, ya zaro waya yana nuna wa rajistara hoton buhuna huɗu a jingine a zaure, yana cewa abinci har ya yi yawa a gidan. Na tambaye shi buhunan na waye, ya ce ai a gidan ya gan su. Na ce me ke cikinsu, ya ce bai kwance ba. Ya dube ni irin kallon da kuke yi wa tsofaffi idan sun tsoma baki, ya mayar da wayarsa aljihu. Ban ji haushinsa ba, tsoro na ji. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta muku yadda aikin nan yake, tunda kun ɗauka hawa babur ne da ɗaukar hoto.

Na fi shekara talatin ina masinjan kotu, yawanci tsakanin Kazaure da Roni da Gwiwa, wani lokaci a ara ni zuwa Babura. Mutane sun san mu da kai sammaci, kuma wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne ƙarar aure. Mace za ta zo ta ce ba ci ba sha, ko ɗaki na yoyo, ko an bar ta wata shida ba aike. Miji ya zo ya ce sam ba haka ba ne. Alƙali ba zai bar kujerarsa ya tafi ƙauye ba, don haka kai za a tura ka je wajen wanda ake ƙara, ka ga muhallinsa, ka ji ta bakinsa a gidansa, ka ji ta bakin maƙwabta. Abin da ka dawo da shi a jakarka, a kansa za a ɗora hukunci. Kai ba ka yanke komai ba, amma da idonka aka yanke.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Jakar fata, littafi mai baƙin bango, biro biyu don ɗaya ba ya rasa mutuwa a hanya, da ɗan akwatin tawada na dangwale. Sai gorar ruwa da goro naka na kanka. Waɗannan biyun na ƙarshe wanda ya koya min aiki ne ya wajabta min su. Sunansa Baba Maikeke, don har ya bar aiki bai yarda ya hau babur ba, wai babur yana sanar da gari zuwanka tun kana bayan gari. Mutum ne gajere mai faɗa, ba ya yabon kowa. Ya ce min duk gidan da aka aike ni kada in sha ruwansu, kada in ci goronsu, domin idan na sha na ci, biro zai yi min nauyi a hannu lokacin rubuta rahoto.

Fitata ta farko da shi wani ƙauye muka je kusa da Kanya Babba. Matar ta ce ɗakinta ya tsage har ana hango waje, damina kuma ta kusa. Muka tarar da ɗaki sumul, ya sha yaɓe, har da farar ƙasa. Mijin yana tsaye yana murmushi da ’yan uwansa a bayansa. Ni har na buɗe littafi zan rubuta ɗaki lafiya lau. Baba ya matsa ya danna babban yatsansa a bango, yatsan ya shige. Ya juyo ya tambayi mutumin, ba tare da ɗaga murya ba, yaushe aka yi yaɓen nan. Mutumin ya fara kame-kame, ƙarshe ya ce shekaranjiya, bayan an kawo masa sammaci. A hanyar dawowa, ina tuƙa keken yana bayana, ya dungure min ƙeya ya ce, "Kada ka ƙara tambayar mutum ko akwai. Kowa zai ce maka akwai. Ka tambaye shi yaushe."

Na ga maza iri-iri a aikin nan. Akwai mai aron gado da katifa daga maƙwabta, kana juya baya a mayar. Akwai mai tara maka dangi su yi ta magana a madadinsa har la'asar, shi ko uffan. Akwai wanda ya tsallaka iyaka neman sefa, kullum ka je a ce jiya-jiyan nan ya tafi. Na taɓa zuwa wata ruga a ƙasar Gwiwa, na yi ta yi wa wani saurayi tambayoyi yana kallon ƙasa, har na fara fushi ina cewa raini ne. Ashe dattijon da ke zaune kusa da mu surukinsa ne, kuma ko za a yanka shi ba zai yi zancen matarsa a gabansa ba. Sai da na ce ya raka ni in ga shanu, muna yin nisa bakinsa ya buɗe. Duk waɗannan na iya da su, har na fara jin babu mijin da zai rufe ni. Wanda ya kayar da ni kuwa bai yi min ƙarya ko ɗaya ba.

Shekarar da ta fi min muni ba shekarar fari ba ce. Shekara ce da aka samu amfanin gona sosai, gero ya yi kyau ko'ina. Lokacin Baba Maikeke ya riga ya rasu, ni ne babba a cikin masinjoji. Sanyi ya wuce, zafi ya fara, sai wata mata mai suna Hanne ta kawo ƙara daga wani ƙauye a bayan Roni. Siririya ce, mai magana ƙasa-ƙasa, da goyon yarinya wadda ba ta kai yaye ba. Iyayenta sun rasu, ’yan uwanta suna can wajen Achilafiya, ba ta da inda za ta yi yaji ta zauna. Ta ce mijinta Ilu ba ya ba ta abinci, nononta ya janye, ko a sa ya ciyar da su ko a raba. Ilu ya ce yana yi daidai gwargwado, kuma rumbunansa biyu cike suke, duk garin an sani. Alƙali ya ce ta koma ɗakinta, masinja zai zo ya gani. Idan na tabbatar da maganarta, abu biyu ne: ko a sa Ilu ya riƙa auna mata hatsi a gaban mai unguwa, ko a sallame ta ta tafi wajen danginta da ’yarta.

Na isa garin da hantsi, na biya na ɗauki mai unguwa kamar yadda aka saba, muka tarar da Ilu a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Mutum ne mai ladabi, rigarsa duk faci, hannunsa kamar itace don aiki. Ya kawo ruwa na ce na gode, ya kawo goro na nuna masa nawa. Ina so ku riƙe wannan: ban ci masa ko ɓarin goro ba. Ya zagaya da mu bayan gida, wajen danga, inda rumbunan suke. Rumbunan ƙasa ne manya guda biyu, an liƙe bakinsu da laka, an kifa musu sabuwar jinka. Na ƙwanƙwasa daga gindi ina hawa sama, Ilu ya kawo tsani na hau na ƙwanƙwasa har wuya. Wanda ya tashi a gidan noma ya san ƙarar rumbun da babu komai, ya san ta wanda ya cika. Waɗannan a cike suke maƙil, ba wurin sa allura.

Ina kan tsanin ya fara ba ni labari. Ya ce yana yaro aka yi wata shekara da mahaifinsa ya buɗe rumbu tun da kaka, aka yi ta ci ana kyauta, kafin ruwa ya sauka babu ko zangarniya. Suka shiga damina da yunwa, ba ƙarfin noma, ba iri, ƙarshe aka sayar da babbar gonarsu. Ya ce tun daga ranar ya yi wa kansa alkawari ba zai taɓa fasa rumbu ba sai ruwan shuka ya sauka. Na ji wannan magana da kunnena. Amma kunnen ɗan manomi ne ya ji ta, ba na masinja ba, domin gidanmu ma irin haka ta taɓa faruwa, kuma na tashi ina jin ana yabon magidancin da ya kai bazara rumbunsa a liƙe. Sai na ji mutumin ya shiga raina.

Da na sauko ya dube ni, murya a sanyaye, ya ce, "Malam, in hukuma ta ce sai an gani da ido, sai in fasa."

Na ce, "A'a, kada ka fasa. Ai asara ce, ƙwari su shiga. Na ji da hannuna, ya isa."

Ni na faɗi haka, da bakina. Mutum ya miƙo min abin da aka aiko ni nema, na ce ya mayar. Ban tambaye shi yaushe rabon da ya auna wa matarsa hatsi ba. Ban tambaye shi, tunda waɗannan a liƙe suke tun kaka, daga ina tuwon jiya ya fito ba. Ban nemi izini na shiga cikin gida ba, ban ce a kira min wata dattijuwa ta shiga a madadina ba. Mai unguwa yana tsaye yana wasa da carbi, ban ja shi gefe ba. Na sa Ilu ya dangwala a littafi, na hau babur, kafin azahar ina Kazaure ina jin na yi aiki mai tsabta.

A rahoto na rubuta cewa na samu rumbu biyu cike da gero. Sannan na ƙara wani layi da ba wanda ya tambaye ni, na ce mutumin mai tattali ne. Ranar zama aka karanta. Alƙali ya tambayi Hanne ko tana musun akwai hatsi a gidan. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yana nan, Allah ya gafarta malam. Ni dai ban gan shi ba."

Aka yi dariya a kotu, har da ni. Ai kowa ya san mace ba ta leƙa rumbun mijinta, to wace ce ta taɓa gani? Mun ɗauka ta rasa abin cewa ne. Alƙali ya yi mata nasiha a kan haƙuri, ya ja kunnen Ilu ya ci gaba da awo kamar yadda ya saba, Ilu ya ce to. Aka sallami ƙara. Hanne ta gyara goyonta ta fita. Yarinyar ba ta yi kuka ba tun da aka fara zaman har aka tashi, na ma ce a raina yarinya mai haƙuri.

Bayan kamar wata biyu, bazara ta kai maƙura, hadari yana haɗuwa yana bajewa, aka ba ni sammacin rikicin iyakar gona in kai wannan garin. Hanyar ta bi ta ƙofar gidan Ilu. Na hango tabarmi a shimfiɗe da mutane a zazzaune, na san rasuwa aka yi. Ba a wuce irin wannan, don haka na kashe babur na cire takalmi na samu gefe na zauna. Na ɗauka tsohuwarsa ce, don ranar da na zo na ji ana cewa ba ta da lafiya. Ana cikin haka aka fito da ƙwarya cike da gumba ana rabawa, sadakar uku. Wannan ba aike ba ne, ba kuma a mayar da sadakar mamaci, sai na karɓa na kai baki. Gero ne mai kyau, fari tas, mai zaƙi. Ina cikin taunawa wani ya iso ya durƙusa gaban Ilu ya ce, "Allah ya sa mai ceto ce."

Ƙaramin yaro ake yi wa wannan addu'a. Na daina tauna gumbar. Na juya wajen mai unguwa, ya gane tambayar tun ban yi ta ba. Ya ce ’yar Hanne ce. Ƙyanda ce ta shigo garin, yara da yawa sun kwanta sun tashi, ita ba ta da jikin da za ta ɗauka. Sannan ya nuna ƙwaryar da haɓa ya ce jiya Ilu ya fasa rumbu ɗaya, saboda sadaka.

Ilu yana zaune a tsakiyar tabarma, idanunsa jawur, ya rame ya zama wani iri. Kada ku ɗauka ba ya son ’yarsa, yana son ta. Da ya gan ni ya taso ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya da na tsaya. Ban san abin da na ce masa ba.

Mai unguwa ya taka min zuwa wajen babur. A nan na ji abin da ya kamata in ji wata biyu da suka wuce. Tun da aka liƙe rumbunan nan, Ilu sai ya samu aikin yini sannan ya shigo da tiya ɗaya ta dawa, wani lokaci a yi kwana goma bai samu ba. A ganinsa da rani mace ita ke riƙe kanta da sana'arta, haka ya ga uwarsa ta yi. Hanne kuwa ba ta da jari, ba ta da dangi a kusa. Gida-gida take bi tana surfe ana biyanta da tsaki da dusa, da shi take dama abin da za su sha ita da yarinyar. Matan unguwa duk sun sani, matar mai unguwar ma takan aika mata da ɗan tuwo. Raina ya ɓaci na ce, "Ranka ya daɗe, kana tsaye a wurin ranar nan. Me ya hana ka faɗa min?"

Ya dube ni ya ce, "Ka tambaye ni? Da mutumin nan nake sallah sahu ɗaya. In buɗe baki a gabansa ba a tambaye ni ba? Na yi ta jira ka ce in raka ka bakin hanya, sai na ga ka hau babur."

Gaskiyarsa ce. Maƙwabci ba ya kawo maka magana da kansa, sai ka ware shi ka ba shi hanyar da zai ce tambayarsa aka yi. Na san wannan tun ina tuƙa keken Baba. Ba rashin sani ne ya kayar da ni ba, mutumin ne ya burge ni, na daina bincike na koma yabo. Rai na Allah ne, kuma ƙyanda tana ɗaukar ’ya’yan masu ƙoshi ma, na sha faɗa wa kaina haka. Amma wata biyu na tuwo da kunu ba ƙaramin abu ba ne a jikin yarinyar da ba a yaye ba, kuma wata biyun nan a hannuna suke. Wannan nadama ba ta sake ni ba har yau.

Washegari na shiga ofishin alƙali na faɗa masa komai, har da cewa ni na hana a fasa rumbun.  Da ya gama ji ya ce in rubuta, a haɗa da rahoton farko a ajiye. Ba a rage min girma ba, ba a ba ni takardar gargaɗi ba. Da an yi min ɗaya daga ciki, wataƙila da na fi samun sauƙi. Daga wannan shekara na zama masinjan da ake ƙorafi da shi. Aiken da wani zai yi a awa biyu ni sai in wuni. Sai na ga inda ake ɗebo hatsin yau, sai na tambayi ranar awon ƙarshe da na kafin shi, sai na sa dattijuwa ta shiga ta fito, sai na ji mutum uku kowa shi kaɗai. Rajistara ya sha cewa na fiye naci, magidanta suna cewa na fiye bin diddigi. 

A shekarar dai, ruwa ya sauka, an yi shuka, gero ya fara rufe ƙasa, sai ga Hanne ta dawo kotu. Wannan karon ba goyo, zanen da take goyon da shi ta yafa a kafaɗa. Ta ce ba za ta iya zama ba, a raba. Ilu ya ce yanzu ai rumbu a buɗe yake, tana ci tana ƙoshi, kuma shi bai taɓa barin ta da yunwa da gangan ba. Alƙali ya ce tunda ya musa, za a aika a ji ta bakin maƙwabta a kan abin da ya faru da rani. Ina zaune a bencin bakin ƙofa da jakata a cinya, na riga na tsara wa kaina gidajen da zan shiga da tambayoyin da zan yi. Ina so a tura ni, ina ganin ko ba komai zan gyara ɗan abin da ya rage.

Sai Hanne ta ɗaga kai. Ba ta dube ni ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce, "Allah ya gafarta malam, ina da roƙo ɗaya. In za a aika, a aiki wani."

Babu wanda ya yi dariya. Alƙali ya dube ni, na sunkuyar da kai, ya kira sunan wani abokin aikina. Ya tafi da safe ya dawo da yamma da maganar mata huɗu da ta mai unguwa, a kanta aka raba auren, Hanne ta koma wajen danginta. Na karanta rahotonsa daga baya. Babu abu ɗaya a ciki da ba ya nan ranar da na je, lokacin yarinyar tana bayan uwarta da rai.